Kafin mu zargi iska, mu tambayi gara

Jama'a, duk farkon damina labarin ɗaya ne. A yi ruwa da iska, rufin gidaje ya yaye, ajin makaranta ya koma fili, a ɗora hotuna a Facebook ana jaje. Kowa ya ce iska ce. E, iska ce ta ɗauke kwanon. Amma ɗauki katakon da ya faɗo ka matsa shi da yatsa, sau da yawa sai ka ji ya lotsa, cikinsa ƙasa ce zalla. Wato gara ta gama aikinta tuntuni, iska ƙarasawa kawai ta yi.

Ni a ganina, rabin ɓarnar nan mu muke sayenta da kuɗinmu tun ranar da aka haƙa fandisho. Dalili kuwa ba mu san halin abin da muke yaƙi da shi ba.

Garar da ka gani a jikin bango ma'aikata ne kawai. Gidansu na ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri, wani lokaci ma ba a cikin gidanka yake ba. A can sarauniya take kwance, ba ta da aiki sai ƙwai. A irin garar da ke gina manyan suri a ƙasarmu, sarauniya ɗaya kan yi ƙwai sama da 20,000 a rana, kuma tana iya wuce shekara 10 a raye. To don Allah, in ka fesa fiya-fiya ka kashe ɗari biyar, me ka rage? Kai da yaranka kun shaƙi guba, ita kuwa kafin a yi sallar magariba ta mayar da gurbinsu.

Ma'aikatan nan makafi ne, jikinsu taushi gare shi, in iska ta buge su bushewa suke. Shi ya sa suke gina siririyar hanyar nan ta ƙasa a jikin bango, su bi ta ciki. Shi ya sa kuma suke cin katako ta ciki su bar maka fatar waje da fentinta, kana kallon ƙofa lafiya lau alhali hoto ce. Gara ba ta cin siminti, amma tsagar da katin waya zai shiga ta ishe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ma haka.

Abu biyu take nema: danshi da itace. Mu kuma me muke yi? Mu sare bishiya mu bar kututturen a ƙarƙashin ɗaki. Kafinta ya gama aiki a tura guntayen katako cikin ciko a dafe da siminti. Famfo na ɗiga a gindin bango wata shida ba a gyara ba. Itacen girki a jingine da katanga, kwalayen takardu a ƙasa. Wannan ai walima muka shirya mata.

Sai batun katako. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da fenti da ƙofar gate mai ado, amma in an zo rufi sai ya ce a samo mai sauƙi, ɗanye, ko magani ba a shafa ba. Araha ba ta ado. Iyayenmu da suka yi soro da azarar giginya ba don ƙawa suka zaɓe ta ba, sun san gara ba ta cika iya mata ba. Su sun yi gini da sanin ƙasar da suke kai, mu muna yi da ganin ido.

Ba ina cewa gara abokiyar gaba ce a ko'ina ba. A gona tana huda ƙasa ruwa ya shiga. Manoman Tawa a Nijar da ke haƙa ramukan tassa suna zuba taki a ciki, gara na cikin masu taya su farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Wurinta daji da gona, ba silin ɗinka ba.

Don haka mai gini, sa a yi wa ƙasa magani kafin a zuba daɓe, a tone kututture, a kwashe guntaye, a jiƙa katakon rufi da magani kafin a ɗora, kuma ka tsaya da kanka ka gani. Mai gida, zagaya bangonka yanzu kafin ruwa ya kankama, ka ƙwanƙwasa ƙyaure da katakon taga, in ka ji holoƙo akwai magana. In shinge ya tashi bayan ruwa ka ga fukafukai sun taru a cikin ɗaki, kar ka share ka manta, masu neman wurin kafa sabon gida ne. Mai haya kuma faɗa wa mai gida da wuri, don kai ne ke kwana a ƙarƙashin rufin ba shi ba.

Masu ba da kwangilar makarantu da asibitoci su ma su riƙa tambayar irin katakon da aka ɗora. Yaranmu ne a ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.