Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwa mata, a wannan mako muna so kowace ta tambayi kanta: ina ƙawar nan tata da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta, suka ci tuwo a kwano ɗaya? Da yawanmu ba mu da amsa. Aure ya kai wata Jos, wata Sakkwato, wata ma har Yamai ko Kumasi, shekara ashirin ba a ji ɗuriyar juna ba. Ran nan sai a tsinci labarin rasuwarta a gidan biki, a koma ana da-na-sani.

Matan da suka yi kwalejin horon malamai zamanin shirin UPE na 1976 sun san darajar ambulan da kan sarki. In azumi ya kai ashirin, sai a sayi katin Barka da Sallah, a rubuta, a kai gidan waya. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta kira ɗanta ta faɗa masa. Wasu kuma su aika da gaisuwa filin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai aka yi watsi da alƙalami.

Ba mu ce waya ba ta da amfani ba. Amma waya sai da lamba, lamba kuwa takan ɓace tare da wayar. Gidan iyaye shi ne ba ya tashi. Takardar da aka kai ƙofar gidan su ƙawarki, da wuya a rasa mai sadar da ita. Har ila yau, wadda ta daɗe ba ta nemi 'yar'uwarta ba takan ji nauyin buɗe baki. A takarda kuwa za ta nemi gafara a tsanake. Ita kuma waccan, da ganin rubutun za ta gane mai shi, ta adana a ƙasan akwati.

To, ga shawararmu. Ki sanar da maigida, ki sami takarda mai tsabta. Ki ambaci sunan da aka san ki da shi, da makarantar, da shekarar. Ki tambayi lafiyar iyayenta da 'ya'yanta. Kada ki sa roƙo ko tsegumi a wasiƙar farko, don kada a ce bukata ce ta tuna miki da ita. Ki rubuta lambarki a ƙasa, ki ba amintaccen direba a tasha ko mai zuwa garinsu.

Ku kuma 'yan makaranta, kafin ku rabu, kowace ta rubuta unguwar su ƙawarta da sunan gidansu a littafi, ta ɓoye.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Inda ƙafa ta kasa zuwa, a aika da hannu. Kada Sallar bana ta wuce ba ki rubuta ko da guda ɗaya ba.