Waƙarka ba ta cikin manhaja: ka fito da ita layi-layi kafin ka tafi situdiyo

Yau maganata da kai ce, kai da kake haɗa kiɗa a waya, ko waƙar biki kake yi, ko bege, ko nanaye.

Ra'ayina ɗaya ne, kuma a kai na tsaya: fayil ɗin da manhaja take ajiye maka ba shi ne waƙarka ba. Muddin ba ka fito da aikin ta hanyar da kowace manhaja za ta iya buɗewa ba, to waƙar a hannun manhaja take, ba a hannunka ba.

Ga dalili. FL Studio Mobile yana ajiye aiki da FLM, FL Studio na kwamfuta da FLP, Cubase kuma da CPR. Irin wannan fayil kamar takardar awon tela ce, ba rigar ba ce. Umarni ne kawai yake ɗauke da shi: sa ganga a nan, ƙara muryar can, kunna fiyano a wuri kaza. Kowace manhaja da yarenta. FLM yana buɗewa a FL Studio na kwamfuta saboda kamfani ɗaya ne ya yi su, wato Image-Line. Amma in furodusan da ka je wajensa Cubase yake amfani da shi, wallahi ko motsi fayil ɗinka ba zai yi ba. Ka ga ka biya kuɗin mota daga Wagini zuwa Batsari, daga nan zuwa Katsina, ga yadda hanyar take, sannan a ce maka sai an sake kiɗan daga farko, ka sake biya.

Abin da ya kamata ka yi kafin ka bar gida:

1. Fitar da kowane layi shi kaɗai a matsayin WAV: ganga daban, fiyano daban, babbar murya daban, 'yan amshi daban. FL Studio yana da zaɓin raba layukan miksa a wajen fitar da waƙa.

2. Kowane layi ya fara daga sakan na farko, ko da muryar sai bayan minti ɗaya take shigowa. Bar shirun a ciki. Da haka in an jera su a wata manhajar sai kowa ya faɗa gurbinsa.

3. Fitar da muryarka busasshiya, babu amsa-kuwwa, babu Auto-Tune. Abin da ka riga ka dafa cikin murya ba ya fita.

4. Fitar da MIDI na fiyano da ganga. MIDI ba sauti ba ne, rubutun abin da aka danna ne, tun 1983 ake amfani da shi, kuma duk manyan manhajojin kiɗa suna karanta shi. Da shi furodusa zai canja sautin ba tare da ya sake kaɗawa ba.

5. Rubuta gudun kiɗan a sunan folda, misali 100 BPM. In an manta da wannan, layukan ba za su hau kan ma'aunin sabuwar manhajar ba.

6. Haɗa da MP3 guda na cikakkiyar waƙar, don a ji yadda kake son ta fito.

Na san abin da za ka ce: WAV yana cin wuri. Gaskiya ne. Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD kusan MB 10 ne, na MP3 kuwa wajen MB 1. Layi goma na waƙar minti huɗu zai kai MB 400. To amma MP3 ya riga ya zubar da wani ɓangare na sautin, kuma duk sanda aka sake matse shi sai ya ƙara lalacewa. Ba sai ka ƙona data ba. Tura ta Xender, ko ka sa a memori ko filashi ta OTG. In dole sai WhatsApp, tura shi a matsayin dokumen.

Wani kuma zai ce shi BandLab yake amfani da shi, komai nasa yana intanet, ko waya ta ɓata ba ruwansa. Wannan yana da kyau, amma mu nan mun ga abin da ya faru a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Aka ɗauki watanni babu sabis. Abin da ke intanet kawai, ranar da babu sabis ba naka ba ne. Sauke kwafi ka ajiye.

A sana'armu ta gyaran waya muna ganin ɗaya gefen. Waya ta faɗa ruwa injinta ya mutu, ko ta sarƙe sai an yi mata fulashin, shi kuwa fulashin share komai yake. Sikirin da batir ana sayo sabo. Muryar da ka ɗauka wata uku da suka wuce babu shagon da ake sayar da ita.

Haka kuma in a situdiyo aka yi maka aikin. Tun kafin ka ba da kuɗi, ku yi magana a fili cewa bayan MP3 za a ba ka layukan WAV. Wani furodusan zai nemi ƙari, wannan ciniki ne tsakaninku. Amma in ka tafi da MP3 kaɗai, duk ranar da kake son canja baiti ɗaya ko sunan amarya, sai ka koma wajensa, in har kwamfutarsa tana nan da rai.

Manhaja za ta canja, waya za ta mutu. Yau ɗin nan buɗe waƙar da ka fi ji da ita, ka fito da ita layi-layi, ka ajiye a wuri biyu. Allah Ya ba da sa'a.