A Soke Sashe na 24, Kwaskwarima Ba Ta Wadatar Ba

Wata biyu kacal bayan Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan gyaran Dokar Laifukan Intanet a Fabrairun 2024, 'yan sanda suka yi awon gaba da ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas. Danginsa da abokan aikinsa sun yi kwanaki suna cigiyarsa kafin a gano inda yake, daga nan aka wuce da shi Abuja. Ya shafe fiye da mako guda a tsare saboda rahoton da ya rubuta kan yadda aka kashe kuɗin gwamnati. Gyaran da aka yi ta yi wa shela ke nan. An gudu ba a tsira ba.

Wannan jarida ba ta sauya matsayi ba: a soke sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ɗungurungum.

A 2015 sashen ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai kan saƙon da aka ce ya ɓata wa wani rai ko ya zage shi. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki a 2020, ta maimaita a 2022. A gyaran 2024, Majalisa ta cire wasu kalmomi, ta maye gurbinsu da batun ƙaryar da za ta haddasa karya doka da oda. Wa ke tantance hakan kafin a je gaban alƙali? Ɗan sandan da wani mai muƙami ya kai wa ƙorafi.

Masu kare dokar na cewa ƙarya da kalaman tunzura jama'a a Facebook na iya kunna wutar rikici, kuma ba a musa wannan. Amma ba masu tunzura jama'a ake yawan kwashewa ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a 2022 kan wani rubutu game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin bai tayar da tarzoma a ko'ina ba.

'Yancin magana yana da iyaka, doka kuma ta fayyace ta. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bayar da 'yancin, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don tsaro, zaman lafiya da haƙƙin wasu. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ya gindaya sharaɗi: taƙaitawar ta kasance a rubuce cikin doka, kuma ta zama dole. A 2014, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso, Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta ce ɗauri saboda ɓata suna ya wuce gona da iri. Ghana ta cire ɓata suna daga laifukan da ake ɗaure mutum tun 2001.

'Yan jaridar ƙasar nan ba su manta da Dokar Soja ta 4 ta 1984 ba, wadda ta jefa Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Ba su manta da rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021 ba, wanda Kotun ECOWAS ta ce haramtacce ne. Kowace gwamnati na zuwa da alkawarin mutunta 'yancin jarida, sannan ta ɗauki sandar da ta tarar.

Duk gwamna, minista ko ɗan majalisar da ke ganin an ci mutuncinsa, ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya hana jami'ansa kama mutane kan ƙorafin ɓata suna. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuwa ta soke sashe na 24 ba tare da ƙarin jinkiri ba.