Waiwaye: Famfon da Ya Tsaya a Kan Naira 145

Wata Lahadi na raka wani ƙanena kasuwar Mai'aduwa zai sayi ragon suna. Muka gama ciniki da sauran rana, sai ya ce mu ƙarasa wajen Kongolam ya gaida wani abokin hulɗarsa. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta sace. Allah ya taimake mu akwai mai faci kusa, ya kafa injinsa a ƙarƙashin rumfar wani gidan mai da aka daɗe da rufewa, muka lallaɓa muka gangara can.

Kafin ya gama aikinsa na zagaya wurin. Iska ta yaye kwanon rumfar gefe guda. An shanya gyaɗa a kan simintin da motoci ke tsayawa a da, awaki uku na kwance a ƙofar ofishin manaja. Famfo biyu ne, irin tsofaffin nan masu lambobin da ke juyawa kamar na mitar ruwa, tiyonsu ya bushe ya tsattsage. Na sa bakin hannun riga na goge ƙurar da ke kan gilashin ɗaya. A gurbin kuɗin lita lambobin na nan daram: 145.

Wani dattijo na zaune a kan buzu a gindin bango yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, sannu da hutawa. Yaushe rabon da a sayar da mai a nan?"

"Yauwa ɗana, sannu kadai. Tun shekarar da aka rufe boda. Tankar ƙarshe da ta sauke mana kwana uku ta yi ta ƙare. Yara shida ke cin abinci a nan, ban da mai shayi da mai tsire. Kowa ya kama gabansa, ni kaɗai Alhaji ya bari ina duba masa wurin."

Lissafin Baba daidai yake. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai duk gidan man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, da nufin toshe fasa-ƙwaurinsa zuwa maƙwabta. A masarautar Daura, wadda Mai'aduwa da Zango da Baure duk suka jingina da Nijar, wannan doka ta shafi garuruwa da yawa. Kuɗin lita a lokacin Naira 145 ne, yadda aka tsayar tun watan Mayun 2016. Daga baya wasu gidajen sun farfaɗo, wasu kuwa sun tafi ke nan. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka wancan fiye da sau biyar. Wannan famfo bai ga ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Ya tsaya cak a ranar da aka kashe shi, yana riƙe da shaidar zamaninsa.

Tun daga nan har muka dawo Daura hankalina na kan gefen hanya, domin abin ya tuna mini da ƙuruciya. Kawuna direban Fijo 504 ne, yana jigila tsakanin Kano da Daura ta Dambatta da Kazaure, kuma duk hutun makaranta sai na maƙale masa. Ban iya karatun boko sosai ba a lokacin, amma na san kowane gidan mai a Kano da hotonsa. Akwai na baƙin kare mai ƙafa shida da wuta ke fita daga bakinsa, wato Agip. Akwai jan doki mai fukafukai na Mobil, da tauraron Texaco. Karen nan ya daɗe yana damuna. Na taɓa tambayar Kawu ko a ƙasar Turawa haka karnuka suke, ya yi dariya ya ce in ƙirga: huɗu tayoyin mota ne, biyu ƙafafun direba. Na girma na tarar ashe haka mutane da yawa ke fassara shi har a Italiya, inda kamfanin ya fito.

Shi Kawu ya riski abin da ya girmi waɗannan. Ya ba ni labarin famfon hannu mai kwalabe biyu a sama, yaro na tuƙa mariƙi mai na hawa cikin kwalba har ya kai zanen galan, sannan a sake shi ya gangara tankin mota kana kallo da idonka. Kafin wannan ma a garwa ake kawo fetur da kananzir, garwa mai cin galan huɗu, bibbiyu a cikin akwatin katako. In an juye man, garwar ta shiga gari: masu sayar da ruwa su rataya biyu a sanda, mata su auna hatsi, maƙera su yanka su yi fitila da murhu. Ko yau in ka ce garwa kowane Bahaushe ya san abin da kake nufi, ko da bai taɓa jin cewa mai ne ya kawo ta ƙasar nan ba.

Gidan mai a wancan zamani zango ne. A nan direba ke zuba ruwa a lagireto, a duba masa baƙin mai, fasinja su yi alwala su yi salla a kan tabarmar da ke jingine da bango. A nan ake barin saƙo: kuɗi ko wasiƙa ko ƙullin magani, a ce in motar wane ta zo a ba shi ya kai Zango. Matan gari kuma su turo yara da kwalba a sayo kananzir na fitilar ƙwai da risho. Fatake sun yi zango a bakin rijiya da gindin tsamiya, direbobi suka gaje su suka mayar da nasu zangon bakin famfo.

Sunayen da ke kan allunan nan kuwa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, tarihin Nijeriya za ka karanta. Shell ta zama National a 1975, lokacin da gwamnati ke karɓar kaso mafi tsoka a kamfanonin Turawa, ta koma Conoil bayan an sayar wa 'yan kasuwa. Esso ta zama Unipetrol a 1976, ta haɗiye Agip a 2002, ta fito da sunan Oando a 2003, da haka karen mai ƙafa shida ya bar titunanmu. Texaco ta bi ta Chevron ta ƙare a MRS. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce BP. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorinta saboda rigimar mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka, aka kankare harafin B aka sa A, ta zama African Petroleum. Duk wanda ya sha mai a AP a shekarun 1980, a ƙarƙashin allon da gwagwarmayar 'yanta baƙar fata ta sauya ya tsaya, ko ya sani ko bai sani ba. Sunan ya ɓace a 2010 da zuwan Forte Oil, sannan ya dawo da Ardova. Su kuwa mutanen gari ba ruwansu da wannan sauye-sauye. In suna yi maka kwatance, da tsohon suna za su yi, su ce ka sauka a Agip, alhali an fi shekara ashirin da sauke allon.

Daura na da hannu dumu-dumu a cikin wannan labari. Ɗanta marigayi Muhammadu Buhari shi ne kwamishinan man fetur na tarayya daga 1976 zuwa 1978, a hannunsa aka kafa NNPC a 1977. Da gwamnatin Janar Abacha ta kai lita Naira 11 a 1994, rarar kuɗin aka zuba a asusun PTF, aka damƙa masa shugabancinsa. Waɗanda suka yi tafiye-tafiye a ƙarshen shekarun 1990 ba za su manta da allunan PTF ba, a bakin hanyoyin da aka gyara da ƙofar asibitoci da makarantu. An rushe asusun a 1999, allunan suka ci gaba da tsayuwa suna tsatsa. A da ina ganinsu birjik. Yanzu sai in yi tafiya mai nisa ban ci karo da ko guda ba.

Haka duwatsun mil. Kafin ƙasar nan ta koma lissafin kilomita a shekarun 1970, da mil ake auna tafiya, kuma akwai wuraren da dutsen ya ba su suna har abada, kamar Mil Tara a hanyar fita Kano. Tsofaffin direbobi na tuna allunan canjin hannu, lokacin da aka bar tuƙi ta hagu aka koma dama a ranar 2 ga Afrilun 1972. Ga direban Daura wannan ba baƙon abu ba ne, domin Nijar tun asali ta dama take tuƙi. Mai zuwa Matamaye ko Damagaram yana ƙetare Kongolam sai ya sauya hannu, in ya dawo ya sake sauyawa. Kawu ya ce a makon canjin hannu direbobin kan iyaka ne suka riƙa kwantar wa na cikin ƙasa hankali a tasha.

Ko allon da ke tsakanin Kazaure da ƙasar Daura ya sha fenti. Ya yi maraba da matafiyi zuwa Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, ya koma Jihar Kaduna a 1976, ya zama Jihar Katsina a 1987. Ta ɗaya fuskar kuma Kano ce har 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Mutum ɗaya, gona ɗaya, bai gusa ko taki ba, ya zauna a jiha uku.

Abin da ke damuna shi ne inda waɗannan kayayyaki ke tafiya. 'Yan gwangwan ke kwashe su. Allon ƙarfe mai shekara hamsin, kilo nawa ne, nawa ne kuɗinsa, shi ke nan an ɗora a kura an kai ma'auna, daga can a loda a tirela zuwa inda za a narka. Ba na ganin laifin yaron da ke neman abin sa wa a baki, kuma mai gidan man da ya karye yana da haƙƙin ya sayar da abin da ya rage masa. Laifin namu ne da muka ɗauka tarihi sai abin da ya shekara ɗaruruwa. Mu Daurawa muna alfahari da rijiyar Kusugu, muna kai baƙi su ɗebi ruwanta, muna ba su labarin Bayajida da Daurama, kuma ya kamata. To amma zamanin iyayenmu fa? Zamanin da aka bar jaki da raƙumi aka hau a-kori-kura, aka bar garwa aka koma famfo, wa ke tattara shaidarsa? Yaron da aka haifa bayan 2000 bai taɓa ganin kare mai ƙafa shida ba. In ka ce masa an sayar da lita kwabo 20 a zamanin Shagari, sai ya ɗauka zuƙi ta malle ce. Da akwai famfon da zai tsaya a gabansa ya karanta da idonsa, da gardama ta ƙare.

A Amurka akwai wata tsohuwar hanya, Route 66, da aka buɗe a 1926 daga Chicago zuwa Los Angeles. Da aka gina manyan tituna sai aka soke ta a 1985, garuruwan bakinta suka mutu kamar yadda wurin Baba ya mutu. Mutanen garuruwan ne da kansu suka tashi suka gyara tsofaffin gidajen mai da allunansu, har majalisar ƙasar ta yi dokar tallafa wa aikin a 1999. Yau baƙi daga ƙasashe daban-daban ke zuwa ɗaukar hoto a gaban famfon da ba ya ba da mai, su kwana, su ci abinci, su bar kuɗi a garin. Ban ce baƙi za su yi tururuwa zuwa Kongolam don kallon famfo ba. Bukatarmu ta fi wannan kusa: 'ya'yanmu su san hanyar da aka biyo.

Lokaci kuma ba ya jira. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar buhu da fasinja, wasu zangunan bakin kwalta za su bi sahun na fatake. Ga motoci masu amfani da iskar gas sun fara shigowa. Famfon da muke gani yau ma, wata rana tsohon kaya ne.

A waccan Lahadi, da mai faci ya gama, na koma na yi wa Baba sallama. Na tambaye shi ko an taɓa taya famfunan. Ya ce sau biyu masu sayen ƙarfe na zuwa, Alhaji ne bai sallama ba tukuna, wai kuɗin sun yi kaɗan.

A Daura aka kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a watan Disambar 2019. Ina roƙon hukumominta, tare da Masarautar Daura da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su ware ɗaki ɗaya da ɗan fili a tara irin waɗannan kaya: famfon hannu in an samu, garwa, dutsen mil, allon PTF, tsohuwar lambar mota mai KD. A zauna da tsofaffin direbobi a tashar Daura a naɗi muryarsu tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in hanya ta bi da kai ta gaban irin wannan wuri, ka tsaya minti biyar, ka gaida maigadi, ka tambaye shi shekarar da aka gina da shekarar da aka rufe, ka ɗauki hoto da wayarka ka rubuta sunan garin a ƙasa. Wanda kuma yake da hali a cikinmu, famfon nan mai 145 yana nan a hanyar Kongolam, ba a sayar ba tukuna.