Ƙaddamar da Littafi: Don Wa Ake Taron?

Akwai wata al'ada da ta sami gindin zama tsakanin marubutanmu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira, watau yadda ake bikin ƙaddamar da littafi. Marubuci zai shafe shekara biyu ko uku yana tara gajerun labarai, ya ci bashi ya biya maɗaba'a a Kano ko Kaduna, sa'an nan ya kama zauren taro. Ranar biki sai a jera shugaban taro, da uban taro, da babban mai ƙaddamarwa. Wani ya miƙe ya ce ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi kaza, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi. Mai sharhi kuwa, wanda wataƙila shi kaɗai ya karanta littafin, sai a ba shi minti biyar, manya na ta duban agogo. A watse ba a ji ko labari ɗaya ba. Daga nan marubuci ya shiga sintiri a ƙofar ofisoshi yana bin alkawarin da aka yi don lasifika kawai, littattafai kuwa na cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Ba mu ga laifin marubuci don ya nemi mayar da kuɗinsa ba. Takarda ta yi tsada, kamfanonin da ke ɗaukar nauyin sabon marubuci kuma ba su taka kara sun karya ba. Amma mu tambayi kanmu, me ya raya littattafan da muka tashi da su? Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937 daga Zariya, aji ne ya raya shi, da malami mai karanta wa yara. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya ratsa ƙasar Hausa ne ta teburan kasuwa da shagunan haya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta, domin ana karanta labaransu a rediyo kowa ya ji. Shi ma Abubakar Adam Ibrahim, da ya fitar da tarin labaransa The Whispering Trees a 2012, abin da ya ɗaga shi shi ne labarin da ke ɗauke da sunan littafin ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013. Duk a nan karatu ne ya yi aiki.

To, mu kawo maganar gida. A ce ɗan Rikoto a cikin Zuru ya haɗa labarai goma: na saurayin da ke noman golmo a gonar surukinsa, da na tsohon sojan da ya dawo yana jiran fansho (wace unguwa ce a Zuru ba ta da irinsa?), da na iyalin da rashin tsaro ya koro daga Danko-Wasagu. Su wa suka fi cancanta su cika zauren? Lalle masu labarin ne, da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, da malaman sakandare. Gajeren labari yana da wata fa'ida da dogon littafi ba shi da ita: ana iya karanta shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Rashin yin haka a ranar ƙaddamarwa asara ce babba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, duk ɗan'uwan da ya zo neman zaure don ƙaddamar da littafi a ba shi kyauta, bisa sharaɗi. Ya karanta labari guda da bakinsa, in da hali a fassara shi da C'lela don iyayenmu. A bar masu sauraro su yi tambaya kafin a kira mai kuɗi. A kuma ajiye tebur a bakin ƙofa, a sayar da kwafi a farashin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci za su iya biya nan take, kuɗi hannu.