Aikin Injiniya Tun Daga Sakandare Yake Farawa

Ya ku ɗalibai, idan aka tambaye ku aikin da kuke so ku yi nan gaba, da wuya a rasa masu cewa suna so su zama injiniyoyi. Wannan buri ne mai kyau. Amma da yawa daga cikinku suna zaton aikin injiniya yana farawa ne ranar da mutum ya shiga jami'a. A ganina, yana farawa tun daga ajin da kuke zaune a yau. Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bari sai ya gama sakandare kafin ya soma shiri, sau da yawa yakan tarar an rufe masa ƙofa.

Da farko, wane ne injiniya? Shi ne mutumin da yake amfani da lissafi da kimiyya da kayan aiki don ya magance wata matsala ta jama'a. Ku dubi madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, wadda har yau take ba ƙasar nan lantarki. Ku dubi gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kusan kilomita 12, ko kuma gada ta biyu a kan Kogin Neja tsakanin Asaba da Onitsha, wadda aka buɗe a 2023. Kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, sai da wasu suka auna ƙasa, suka yi zane, suka lissafa nauyin da ginin zai iya ɗauka. Awo da zane da lissafi kuwa, duk a sakandare ake soma koyonsu.

Saboda haka, abu na farko da ya kamata ku kula da shi shi ne zaɓen darussa. Jami'o'in Nijeriya suna buƙatar mai neman karatun injiniya ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO. A cikin biyar ɗin nan dole ne a sami Turanci da lissafi da fizis da kemistiri. Waɗannan darussa huɗu su ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB. Ɗalibin da ya guje wa fizis a ajin farko na babbar sakandare don an ce masa yana da wuya, ya yanke wa kansa hukunci tun bai san abin da ya rasa ba. Idan makarantarku tana koyar da lissafi mai zurfi da zanen fasaha, ku ɗauke su, domin za su sauƙaƙa muku shekarar farko a jami'a. Kada kuma ku raina darussan harshe. Injiniya yakan rubuta rahoto, yakan kuma yi wa magina da masu walda bayani. Idan bayaninsa bai fita ba, aikin ma ba zai fita ba.

Abu na biyu shi ne aiki da hannu. Makarantu da yawa suna da ƙungiyar JETS, wato ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya. A nan ne ɗalibai suke haɗa ƙararrawa da batir, ko su ƙera matatar ruwa da yashi da gawayi, sannan su shiga gasa da wasu makarantu. Idan akwai ta a makarantarku, ku shiga. Idan babu, ku haɗu ku biyar ko shida ku roƙi malamin kimiyya ya zama jagoranku.

Wani zai ce, "Ai makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da kayan aiki." Wannan kuka gaskiya ne, kuma haƙƙin gwamnati da masu makarantu ne su share shi. Sai dai rashin kaya masu tsada bai hana tunani ba. Ku ɗauki misalin Mohammed Bah Abba, wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya ga manoma suna asarar kayan lambu saboda zafi da rashin lantarki. Sai ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin yake bushewa, yakan tafi da zafin da ke cikin ƙaramar tukunyar, sai cikinta ya yi sanyi. Kayan lambun da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai suka riƙa daɗewa. Wannan dabara ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ku ma kuna iya gwada wannan da tukwane biyu da ma'aunin zafi. Ku auna zafin cikin tukunya da na waje safe da yamma, ku rubuta a littafi har mako guda. Za ku lura da wani abu: dabarar ta fi aiki inda iska take a bushe, kamar Dutse, fiye da inda iska take da laima, kamar Fatakwal ko Kalaba. Ku sake gwadawa lokacin hunturu, ku kwatanta sakamakon. Wanda ya auna, ya rubuta, ya kwatanta, ya tambayi dalili, to ya soma aikin injiniya ke nan. Gani ya kori ji.

Ku 'yan mata, wannan magana har da ku. A 2018, ɗalibai mata biyar daga makarantar Regina Pacis ta Onitsha sun yi nasara a gasar Technovation a Amurka, da wata manhajar waya da suka ƙirƙira don gano jabun magunguna. A lokacin 'yan sakandare ne kamarku. Tun 1982 Injiniya Joanna Maduka ta kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, APWEN. A 2024 kuma Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1958. Duk wanda ya ce muku wannan aikin maza ne kaɗai, ku nuna masa waɗannan sunaye.

Abu na uku, ku sani cewa hanyar shiga wannan fage ba ɗaya ba ce. Akwai jami'a, inda karatun injiniya yake ɗaukar shekara biyar, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, da jami'o'in fasaha na tarayya da ke Akure da Owerri da Minna. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta Yaba da ta Kaduna. A can ɗalibi yakan yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda yana aiki a masana'anta, sannan ya koma ya yi shekara biyu don babbar difloma. Akwai kuma makarantun koyon sana'a masu rubuta jarrabawar NABTEB. Gaskiya ne masu babbar difloma sun daɗe suna kukan ana fifita masu digiri a kansu wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Wannan bambanci bai dace ba, amma kada ya sa ku raina hanyar. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da wannan sana'a, tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da ƙwararrun masu aikin hannu rajista, kowa a matakinsa. Babu gadar da mai zane ya gina shi kaɗai.

Ko a jami'a ma, ba a raba karatu da aikin hannu. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta fito da shirin SIWES a 1973, saboda masana'antu suna kukan cewa masu kammala karatu ba su iya aiki da injuna ba. A ƙarƙashin shirin, ɗalibin injiniya yakan yi kamar wata shida a kamfani ko ma'aikata a shekararsa ta huɗu, yana rubuta abin da ya koya kullum. Ɗalibin da ya saba riƙe sifana da filaya tun yana sakandare, shi ne yake cin moriyar waɗannan watanni. Wanda bai saba ba yakan ƙare da kallo daga nesa.

To, me za ku yi a wannan zangon karatu? Ku zaɓi matsala ɗaya a makarantarku ko unguwarku: famfon da yake yoyo, ko kwatar da take toshewa da damina, ko ajin da ba ya samun iska. Ku auna ta, ku zana ta, ku kawo shawarar gyara, ku nuna wa malaminku. Lokacin hutu kuma, da izinin iyayenku, ku nemi wani makaniki ko mai gyaran lantarki ya bar ku ku zauna kusa da shi, ku yi ta tambaya. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.