Idan Na'ura Ta Yi Gardama da Ƙafa

A ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyin hunturu kan hana mahaya keke fita na tsawon watanni, an daɗe da ƙirƙiro na'urar da ake ɗora keke a kanta a tuƙa cikin ɗaki. Irin ta zamani, wadda kamfanoni kamar Wahoo da Tacx da Elite ke ƙerawa, tana magana da kwamfuta ko waya: tana auna ƙarfin mahayi, kuma tana ƙara wa feda nauyi idan hanyar da ke kan allo ta kai ga hawa. Abin ya bunƙasa har aka yi gasar duniya ta farko a kan manhajar Zwift a shekarar 2020. To, amma kukan masu ita bai ƙare ba. Wani ya ce feda ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, wani ya ce lambar jiya ba ita ce ta yau ba. Mafi yawansu kuma hukuncinsu ɗaya ne, wai na'ura ta lalace.

Wannan hukunci na gaggawa ne, kuma sau da yawa kuskure ne. Kafin a tuhumi ma'auni, ya kamata a san abin da yake aunawa da kuma sharuɗɗan da yake bukata.

Ana auna ƙarfin mahayi da wat, ma'aunin da ya samo suna daga James Watt. Abubuwa biyu ke haɗuwa su ba da shi: ƙarfin da ƙafa ke danna feda da shi, da saurin juyawar fedar, a ninka wannan da wancan. Turjiyar da ƙafa ke ji kuwa, a yawancin waɗannan na'urori, ba daga birkin roba take fitowa ba. Faifan ƙarfe ne ke juyawa kusa da maganaɗisun lantarki, sai wutar lantarki ta taso a cikin faifan tana adawa da juyawarsa, kamar yadda Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. Duk wanda ya taɓa kwantar da dainamon fitila a kan tayar kekensa, ya ji feda ta ƙara nauyi, ya riga ya ɗanɗani wannan doka da ƙafarsa.

Daga nan ake gane matsalar da ta fi tayar wa mahaya hankali. Akwai tsarin da ake kira ERG, inda ake umartar na'ura ta riƙe adadin wat guda, alal misali 200, ko yaya mutum ya tuƙa. Idan yana juya feda sau 90 a minti ɗaya, sai gajiya ta sa ya sauka zuwa 60, dole na'ura ta ƙara nauyin da rabinsa domin lissafi ya tsaya a 200. Nauyin ya ƙara gajiyar da shi, ya sauka zuwa 45, nauyi ya ninka na farko, daga ƙarshe feda ta ƙi motsi. Mahayi ya sauko yana zagin kamfani, alhali na'urar umarninsa ta bi ba tare da kuskure ba. Maganin shi ne ya kiyaye saurin ƙafarsa, ko ya dakatar da tsarin na ɗan lokaci har ya farfaɗo.

Batun saɓanin lambobi ya fi wannan zurfi. Na'urar da taya ke gogar nadinta ta dogara ga iskar taya da kuma yadda aka matse nadin. Idan iska ta ragu ko taya na zamewa, lissafi ya ɓaci. Zafi ma yana da hannu, domin giris da bel da boris kan sauya hali idan suka ɗumama. Shi ya sa ake tuƙa kamar minti 10 kafin a yi saiti: a ɗauki gudu, a daina taka feda, na'ura ta ƙidaya lokacin da faifan zai ɗauka yana rage gudu, ta gane gogayyar da ke cikinta. Wanda ya yi saiti da na'ura a sanyaye bai kamata ya yi mamakin abin da zai gani bayan rabin sa'a ba. Haka nan wanda ke da wani ma'aunin a feda zai ga ya ɗara na na'ura da kashi 2 ko 3 cikin ɗari, saboda sarƙa na cin nata rabon a hanya, musamman idan ta bushe. A wat 250, wannan bai wuce wat 5 zuwa 8 ba, kuma duka ma'aunan biyu na iya kasancewa daidai.

Idan kuwa lamba na ɓacewa ɗungurungum tana dawowa, zargi ya koma kan sadarwa. Bluetooth da ANT+ duk suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma ke cunkoso. Wani lokaci kuma waya da kwamfuta ne ke ba na'ura umarni a lokaci guda.

Masu ƙorafi suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: wanda ya biya kuɗi mai yawa bai sayi aikin ɗakin gwaji ba. Gaskiya ne, kuma kamfanoni sun amsa, domin wasu sababbin na'urori kan yi wa kansu saiti. Haka kuma akwai lalacewa ta haƙiƙa, kamar bel da ya tsinke ko na'urar ɗaukar sauri da ta mutu. Sai dai ba a gane ta sai an kawar da sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya. Mai sauya taya da manhaja da mazaunin kwamfuta a zama guda, ko matsalar ta tafi, ba zai san wanne ya kore ta ba, kuma idan ta dawo zai koma inda ya fara.

Malamin kimiyya ba ya bukatar wannan na'ura mai tsada kafin ya nuna wa ɗalibai abin da take yi. Ya kifar da keke, a juya taya, a ƙidaya daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta tsaya, sau biyar, a rubuta. Lambobin ba za su zo daidai da juna ba, sai a tambayi ajin dalili. Sannan a ɗiga wa gindin tayar mai, a sake gwajin ba tare da an taɓa komai ba sai wannan.